Dokta Saratu, wadda ta zaunar da ni cin tuwo da ɗiyata

Da safen nan labari ya iske ni a gonar albasa: Dokta Saratu ta rasu jiya a gidanta na unguwar Badariya, Birnin Kebbi. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un.

Ga waɗanda ba su san ta ba, likita ce amma ba ta allura ba. Zama take yi da mutum su yi magana. Fanninta masu cutar ƙin cin abinci, a kansu ta yi karatu da bincike. Ban san akwai irin wannan cutar ba sai da ta shigo gidana.

Ɗiyata ta fari ce. Ita ta ce in rubuta, amma kada in sa sunanta.

Ta fara da azumin Litinin da Alhamis, ta koma kusan kullum. Muna ta sa mata albarka. Da dare kwano ɗaya suke ci da ƙannenta, ba mai lura hannun wa ya ɗauki me. Sai da ta faɗi a makaranta aka tura mu Birnin Kebbi wurin Dokta.

Na yi wa Dokta bayanin ibadar yarinyar. Ta saurara har na gama, sannan ta ce, "Malam Bello, azumi na da buɗa-baki. Wanga hwa?"



Ta ce a ware wa yarinyar kwanonta, ni kuma in bar cin tuwo a ƙofar gida da abokai, in shigo in zauna da ita. Ba faɗa, ba lallashi, hira kawai. Na ce ban iya hira ba. Ta yi dariya: "Ba ta labarin albasa. In ta gaji da ji, ta ci don ka tashi."

Abokai sun yi mini tsiya, wai Bello ya koma layin mata. Har yau ban tabbata ko zamana ya yi amfani ba, ko aikin Dokta ne kaɗai. Yarinyar dai ta koma makaranta.

Haɗuwarmu ta ƙarshe a kasuwar Argungu ce, tana cinikin busasshen kifi. Ba ta tambaye ni ko ɗiyar ta yi ƙiba ba. Cewa ta yi, "Ta koma tsokanar ƙannenta?" Na ce har ta yi yawa. Ta ce, "To madalla. Ku taho wata mai zuwa."

Da na dawo gida daga gona yau na gaya wa yarinyar rasuwar. Ta ce, "Baba, to wa za mu gani yanzu?" Ban sani ba. Ban san wani mai wannan aikin a kusa da mu ba.

Abincin rana yana gabanta yanzu, a rufe. Zan ajiye waya in je in zauna.

Allah ya jiƙan Dokta Saratu, ya haskaka kabarinta, ya ba iyalinta haƙuri. Duk wanda ya karanta ya sa ta a addu'a, ya haɗa da yaran da ta bari a tsakiyar magani.