Ƙafar Hagun Baba

Ƙarfe biyar saura kwata na yammacin wata Laraba abin ya fara. Na riƙe lokacin ne don ina zaune a gindin dogon yaron tsakar gidanmu a Gawon Nama, agogo a gefen tabarma, ina gwada amsa tambayoyin jarrabawar bara. Sai aka buɗe ƙyauren gida, Baba ya shigo a kan sabon babur.

Ba shi ya saya ba. Baffa ne, ƙanensa mai kai shanu Kudu, ya gan shi a wani shago a can, ya ce da ya ɗora ido a kansa sai da ya tuna mahaifinsu. Ya sa aka ɗoro shi a motar da ta sauke shanu, ya kawo wa yayansa kyauta, saboda gwiwar Baba ta fara ciwo, buga kik ɗin tsohon babur kowace safiya ya zame masa aiki.

Tsohon na kakanmu ne, ƙirar Ingila, ya girmi Baba da kansa. Baƙi ne, da tanki kamar ƙwai da fitila guda mai zagaye. Yana ɗigar da baƙin mai, shi ya sa kullum akwai tiren yashi a ƙarƙashinsa. Tun daga bakin titi ake jin ƙararsa, Umma ta sauke tukunya. Sabon kuwa an ƙera shi ne musamman don ya yi kama da irin waɗannan tsofaffin: baƙin fenti, zanen ruwan zinari a gefen tanki, fitila mai zagaye, har sirdin. In ka tsaya daga nesa sai ka ce tagwaye ne. Amma da ɗan yatsa ake tayar da shi, ba ya ɗiga, ƙararsa kuma kamar ta mai kwaikwayon muryar wani.

Baba ya taho a hankali zuwa jikin bango inda ya saba ajiyewa. Ya taka ƙafar hagu. Babur bai tsaya ba. Ya yi wani gurnani, ya zabura, tayar gaba ta daki randar Kaka. Randa ta dare biyu, ruwa ya malalo har bakin tabarmata.

Baffa da ke biye da shi ya riƙe ciki don dariya.

"Yaya, a hankali! Wanga ba tsoho ba ne, jini gare shi."

Kaka ta leƙo daga ɗakinta ta ce, "Randata tun ta aure! Ku da dokin ƙarhenku, Allah shi isam min."

Kowa ya yi dariya, har Baba ya murmusa. Ni ban yi ba, domin na ga ƙafar.

Ni 'yar fari ce. A gidanmu ana riƙe da alkunya yadda aka gada. Baba bai taɓa kiran sunana ba. In zai yi zancena sai ya ce "waccan", ko "ta wajen Inna", wato Kaka, mahaifiyarsa, wadda a ɗakinta na tashi. Ina gaishe shi a durƙushe, ya amsa yana kallon wani wuri. In ina bukatar wani abu na makaranta, Kaka nake gaya wa, da safe in tarar da shi a kan akwatina. Ban taɓa jin wannan ƙiyayya ce ba. Sai dai tunda idona kullum a ƙasa yake in yana wuri, abin da na fi sani a jikin mahaifina ƙafafunsa ne. Na san faso ɗin diddigensa, na san takalminsa na hagu ya fi na dama saurin cinyewa. Na san kuma tun ina rarrafe, duk sanda zai tsayar da babur, ƙafar hagu ce ke sauka.

Washegari da na fito shara, na durƙusa tsakanin baburan biyu. A tsohon, birkin ƙafa yana hagu, ya sha taku har ƙarfen ya yi santsi yana ƙyalli, giya kuma tana dama. A sabon an juya su: hagu giya, dama birki. Duk abin da ido ke gani sun kwaikwaya, ban da wannan. Na duba birkin hannu. Na tsohon ya daɗe da sakwarkwacewa, Baba ba ya ko taɓa shi, a nan yake rataya ledar goro. Shekarunsa duka da ƙafa ɗaya yake tsayawa.

Na zauna a ƙasa da tsintsiya a hannu.

Na lallashi kaina da cewa ai ya sani. Kuma ya sani ɗin. Da yammacin ranar ya shigo lafiya lau, ya taka dama, ya tsaya cak. Na ga yadda ya yi shi da tunani, kamar mai karanta sabon rubutu. Amma ranar Juma'a ina dawowa daga makaranta, na sauka daga Keke mai ƙafa uku a bakin layinmu, sai ga shi tafe. Wani ɗan kabu-kabu ya fito daga lungu ba ko hon. Ƙafar hagun Baba ta sauka kafin komai. Babur ya yi tsalle, sannan ta dama ta bi baya, taya ta ja ƙasa. Tsakaninsu bai kai kamu ɗaya ba. Ɗan kabu-kabun ya ɗaga hannu ya wuce abinsa. Baba ya gyara hularsa. Bai gan ni ba, ni kuma na tsaya jikin katangar mutane har ya wuce.

A ranar na ji Umma tana cewa Lahadi zai tafi kasuwar ƙauye ta wajen iyaka. Babbar Salla ta matso, lokacin da dillalin dabbobi irin Baba ba ya zama. Na san wannan hanyar. Manyan motoci ne cike da raguna, suna gudu kamar ana korarsu, ga jakuna da raƙuma masu faɗowa titi ba sallama. A can babu randar da za ta tare shi.

Karatu ya gagare ni. In na buɗe littafi sai in ga bayan tirela, in ga ƙafar tana sauka a inda babu birki. Wayar Umma in ta yi ƙara sai gabana ya faɗi, alhali Baba yana zaure ina jin tarinsa.

Umma na fara samu, tana tankaɗe. Ita ma tana yi mini alkunya, amma mukan yi magana in ba kowa. Ta saurare ni ba ta ɗago ba.

"Wanga zancen maza ne," ta ce. "Tahi ki hwaɗa ma kakarki."

Kaka tana kaɗa nono a ƙwarya. Na yi mata bayani dalla-dalla, har da nuni da ƙafafuna.

"Uwar littahi!" ta ce. "Yanzu kuma kanikanci kika koma? Hagu, dama, ni duk ɗaya na gani. Wanda ya hau abin ga tun ba a yi ki ba shi za ki koya ma tuƙi?"

"Kaka, ba koya masa zan yi ba. Ki dai faɗa masa."

"In ce mishi mi? Ƙahwarka ba ta da hankali? Ke dai ki sayo min randa in kin zama gwamna."

Ta miƙo mini ludayi in ɗanɗana. Na karɓa. Ta dube ni ta ɗan jima, ta ce, "Ki yi mishi addu'a. Abin da Allah ya rubuta ba birki ka tsai da shi ba."

Ranar Asabar Baffa ya zo, ya tarar da ni ina shanya. Shi mai wasa da ni ne, shi ke kiran sunana da ƙarfi har maƙwabta su ji. Na tattara ƙarfin hali na gaya masa. Da farko ya yi dariya.

"Ai na nuna mishi tun ranar hwarko. Ya sani sarai."

"Ya sani, Baffa. Ƙafarsa ce ba ta sani ba."

"To ƙahwa kunne gare ta, balle in yi mata bayani?" Sai dariyar ta ɗauke. Ya dubi sabon babur, ya shafa tankin da hannun rigarsa. "Ɗiyata, kin san wahalar da na sha kahin in kawo abin ga? Gurguwar gwiwa yake tashe da ita kullum yana harbin wancan gyatumin. So kike in ce mishi na kawo mishi ajali?"

Na ce a'a. Na ba shi haƙuri. Ya dafa kaina ya ce zai saba, kowa ma da haka ya saba, ya shige zaure.

Da la'asar ɗin nan na yi tunane-tunane marasa kyau. Na san ƙusar da ake rataya makullin. Na san yadda ake sace iskar taya. Amma makulli akwai na biyu, mai faci kuma yana bakin layi, duk abin da zan yi jinkiri ne kawai. Abu ɗaya ya rage, shi ne kuma wanda ban taɓa yi ba tun da na zo duniya. Ina tsoron hanyar, ina kuma tsoron ranar da za a ce 'yar fari ta tsaya gaban ubanta tana gaya masa bai iya ba. Ban san wanne ya fi girma ba sai da gari ya waye.

Rana ta ɗan ɗago, Baba ya fito da shirin kasuwa: rawani, sanda, jakar fata a kafaɗa. Kaka tana kan tabarmarta a ƙofar ɗaki da kofin kunu. Umma tana madafa. Ya gaida Kaka, ya ɗaure sandar a bayan sabon babur, ya turo shi zuwa ƙyaure.

Ban san sanda na tashi ba. Na dai tsinci kaina a bakin ƙyauren, na durƙusa a tsakiyar hanya. Tayar gaba ta tsaya dab da gwiwata, ina jin warin sabuwar roba.

"Baba," na ce.

Muryar ta fito siririya kamar ba tawa ba. Motsin tukwane ya tsaya a madafa. Kaka ta ce, "Ke!"

Idona yana kan takalmansa. Na ce, "Baba, ka yi haƙuri. Birkin wannan a dama yake. In ka natsu kana taka dama. In abu ya zo maka ba shiri, hagu kake takawa. Na gani ranar randa. Na gani ranar Juma'a a bakin layi, da ɗan kabu-kabu. Hanyar yau manyan motoci ne." Na nemi sauran maganar da na shirya, ta ɓace. "Ina jin tsoro, Baba."

Wata kaza ta ratsa tsakaninmu tana tsattsaga. Ina kallon yatsun ƙafarsa ta hagu, suna motsi a cikin takalmi, su lanƙwashe su miƙe. Na jira tsawa. Na jira ya kewaye ni ya wuce, wanda ya fi tsawar muni. Zufa ta gangaro mini ta cikin hijabi.

Sai na ji ƙarar jak, ya kafe babur ɗin. Ya kwance sandarsa daga baya, a hankali, kulli bayan kulli. Takalman suka juya, ba wajena ba, wajen Kaka.

"Inna," ya ce, "ki ce ma mai maganag ga na ji. Ki ce mata jiya ma ƙahwag ga ta kusa kai ni ƙarƙashin tipa wajen kasuwar Kara, ban hwaɗa ma kowa ba don kar yaron ga, baffanta, ya ji kunyar kyautatai. Mota za ni shiga. Ki ce ta tashi ta ba ni hanya, kar in rasa ta hwarko."