Farcen Roba a Babban Yatsana

Lokacin da jiharmu take sabuwa fil, yayata ta dawo Gwandu daga Legas da wata 'yar leda cike da farcen roba ja wur. Na hannu ne, amma na ce ai kowace mace tana iya sawa a hannu. Na zaɓi manya biyu, na ɗiga musu sufa-gulu, na manna a manyan yatsun ƙafata. Don tsawo, sai sun shiga ɗaki sun gama gaisawa da mutane kafin ni in iso. Kajin gidanmu kuwa suka dinga bi na suna tsattsaga, sun zaci barkono ne.

Inna ta dube ni sama da ƙasa.

"Ke ɗiyan nan, mi kinka liƙa ma ƙahwarki? Ruwan alwala ta ina za shi shiga?"

"Yana shiga, Inna. Har ƙaiƙayi nake ji."

"To in ya shiga, ta ina za shi hita?"

Ni dai ban cire ba. Damina ta sauka, yatsan dama ya fara zugi, gefensa ya yi kore-kore, ga wani wari da ko akuya ta shinshina sai ta sake hanya. Duk wadda ta ce in ɓamɓare, sai in ce hassada ce.

Ana haka gwaggona ta Kalgo ta dawo daga Makka, muka cika mota muka tafi yi mata barka. Tsofaffi sun cika ɗaki. Na durƙusa kan tabarmar kaba, na lanƙwashe yatsu kamar yadda aka koya mana. Ashe farcen dama ya saƙale cikin saƙar. Da na yunƙura in matsa gaban tsohuwa ta gaba, sai na ji ɓas. Na roba ya tashi, ya tafi da nawa na Allah, wanda ashe ya riga ya ruɓe a ƙasa.

Na ga taurari da rana tsaka, amma ban yi ko uhum ba. Sai da na gaishe su kaf, har da ban gajiya, jini na bin tabarma.

A asibitin Kalgo, malamin da ya wanke ciwon ya ce da na ƙara jinkiri, da ba farce kaɗai zan rasa ba. Ya cire farcen roba na hagun ma, ina yi masa gardama.

Farcen ya sake fitowa, amma a karkace, da kauri kamar kofaton jaki. Yanzu in za mu biki, 'ya'yana sai su ce, "Mama, don Allah ki sa rufaffen takalmi." Ni kuwa silifas nake zurawa. Mai son kallo ta kalla. Wadda ta tambaya in zaunar da ita, in ɗora mata ƙafar a cinya ta gani da kyau.