Katin da Na Cike wa Kaftin Mahir

Kaftin Mahir ya fi ƙofar gidansa tsawo. Shekara ashirin yana zaune a Arba wa Nus, wata unguwa a gefen Alƙahira, shekara ashirin yana sunkuyawa kafin ya shiga ɗakinsa, har wuyansa ya saba, ko a fili yake tafiya sai ka ga kamar yana shirin gaida wani. A Maiurno aka haife shi, can bakin kogi a Sudan. Kakansa ya baro Haɗeja a ƙafa da niyyar aikin hajji, ya tsaya hutawa a can, hutun da har yau zuriyarsa ba ta gama ba. Shi ya sa Hausar Mahir irin ta tsofaffi ce, an barbaɗa mata Larabcin Sudan. Ranar da na fara jin maganarsa, ni Lawali ɗan Gusau da na zo Alƙahira karatu, sai da na waiga ina neman kakana.

A Wad Madani ya koyi ƙwallon kwando, ya buga wa wani kulob har gwiwarsa ta hagu ta ce ta gaji. Da ya zo Masar ya samu aikin tuƙa wani likita a unguwar Mohandessin. Da safe direba ne, sai an yi la'asar ya zama kocin ƙaramar kwalejinmu, inda ake koya wa baƙi Larabci da kwamfuta, 'yan Sudan da Najeriya da Nijar da Chadi. Filinmu siminti ne a bayan ginin. Kwando ɗaya ya karkata hagu tun kafin zuwana, kuma Mahir ya hana a gyara, wai shi ne ɗan wasanmu na shida.

Shi ya koya mini riƙe ƙwallo. Na zo masa ina kama ta kamar wanda aka miƙa wa jariri ba shiri, ya yi dariya har ya dafa bango, sannan ya ɗauki wata uku yana gyara mini yatsu. Da na gama karatu kwalejin ta ɗauke ni aikin ofis saboda ina jin Turanci, na kuma zama mataimakinsa. Na yi wani kwas na horar da 'yan wasa na mako biyu, aka ba ni takardar shaida mai tambari. Mahir ba shi da takardar komai. Gwiwa gare shi da usur da murya.

Gasar da muke ciki ta ƙananan kwalejoji shida ce, duk na baƙi irinmu. Tana da doka ɗaya da ba a rubuta ba: in an tashi wasa, wanda ya ci da wanda aka ci za su zauna a ƙasa su sa hannu a faranti ɗaya. Masu masauki ne ke ciyarwa, amma Mahir ko shi ne baƙo sai ya tafi da nasa, ya ce ba a zuwa gidan mutane hannu rabbana. Matarsa Hajja Arwa ke dafa waken ful, a gutsuttsura burodi a ciki, a zuba man riɗi da cuku, a cika wani faranti da mutum biyu ke ɗauka. Na sha ganin waɗanda suka kusa dambe a fili suna tura wa juna loma.

A gasar nan na ga koci huɗu sun ajiye aiki. Ɗaya takardarsa ta tafiya Kanada ta fito. Ɗaya uban gidansa ya canza masa lokacin aiki. Biyu faɗa suka yi da shugabannin makarantunsu. Haka ƙananan makarantu suke, koci ba ya daɗewa. Mahir kaɗai ya shekara goma sha ɗaya, kuma shi kaɗai ne tafiyarsa ta biyo ta hannuna.

Shugaban kwalejinmu, Dakta Fadl, mutum ne mai son a ga sunansa a bango. Ya ji labarin wata gasa ta kwalejoji masu zaman kansu da ake bugawa a Ma'adi, unguwar masu hali, cikin zaure mai daɓen katako, ana ɗaukar wasan ana sawa a intanet. Ya ce in sunanmu ya fito a can, ɗalibai za su yi ta zuwa. Ya ce mun girmi gasar faranti. Ni kuwa na gyaɗa kai har wuyana ya yi ciwo, don ni ma ina son daɓen katakon nan.

Ni aka ba fom ɗin rajista. Layi na farko ya ce koci, dole da lambar takardar shaida. Can ƙasa akwai wani layi: mai kula da kaya, ba a buƙatar komai. Da na ɗauki fom ɗin na je na samu Mahir, da minti biyar ya isa. Na san abin da zai ce, zai ce in sa sunana, shi ya zauna a gefe yana raɗa mini. Amma ban je ba. Na rubuta sunana a sama, nasa a ƙasa, na ce wa kaina ai takarda ce kawai. Gaskiyar ita ce na ji daɗin ganin sunana a layin nan.

Katunan suka zo, nawa kore, nasa rawaya, duk da Turanci. Mahir Larabci kaɗai yake karantawa. Ya karɓa da hannu biyu, ya duba hotonsa da ya ɗauka sanye da farar jallabiyarsa ta Juma'a.

"Me aka rubuta a nan, ɗana?"

"Sunanka ne, Baba, da sunan kwaleji."

"Tamam, ya yi kyau," ya ce, ya rataya a wuya.

Mako guda yana yawo da shi. Ya nuna wa mai shayin bakin layi, ya nuna wa liman, Hajja Arwa ta yi buɗa. Duk ranar da na gan shi da katin nan a ƙirji sai in ce gobe zan faɗa masa. Goben ba ta zo ba sai ga Asabar, ranar wasa.

Muka isa Ma'adi da hantsi a motar haya. Bishiyoyi ko'ina, titi shiru kamar an yi rasuwa. 'Yan wasa biyu suka sauko da farantin, an lulluɓe shi da farin ƙyalle, ƙanshin man riɗi na tashi. Mai gadin zauren ya tare ƙofa, ya ce ba a shiga da abinci. Mahir ya yi masa bayani cikin ladabi cewa na bayan wasa ne, har da 'yan ɗaya ƙungiyar, har da shi mai gadin ma. A daidai lokacin abokan karawarmu suka wuce cikin kaya iri ɗaya, suna kallon farantin suna murmushi. Kunya ta kama ni, kuma ba kunyar da ta dace ba.

"Baba, ma'alish, yi haƙuri, a mayar da shi mota," na ce da Hausa, ƙasa-ƙasa. "Nan ba a yin haka."

Ya dube ni. "Ba sa cin abinci a nan?"

"Don Allah, Baba."

Ya ce a mayar.

Aka fara wasa. Minti huɗu, an zura mana uku a jere, Mahir ya miƙe kamar yadda ya saba, ya buɗe murya: "Ku rufe ƙofa! Jamal, bi dogon nan!" Da Hausa yake ba da umarni don kada abokan karawa su gane, dabararsa ce tun fil azal. Alƙalin wasa ya hura usur, ya zo, ya kama katin da ke wuyan Mahir ya juya. Ya ce da Larabci, da ƙarfi, mai kula da kaya ba ya tsayawa, ba ya magana, wurinsa ƙarshen benci. Sannan ya tambaya ina kocin.

'Yan wasanmu suka juyo. Na ɗaga hannu kamar ɗalibin da bai yi aikin gida ba.

Mahir ya taka zuwa ƙarshen benci yana ɗingisa gwiwar nan, ya zauna. Ya ninke tawul-tawul ɗaya bayan ɗaya. Ya cika gorunan ruwa. Duk wanda ya fito ya miƙa masa. Ni kuma na tsaya a wurinsa da takardata mai tambari, ban san ma lokacin da ya kamata in nemi hutu ba. Aka lallasa mu.

Bayan wasa na tsaya a ciki ina gaisawa da manya, Dakta Fadl yana sa a ɗauke mu hoto. Ta taga na hango Mahir da 'yan wasa sun zauna a gefen titi, a inuwar mota, sun kewaye farantin. Mai gadin ma ya tsugunna tare da su. Ban fita ba sai da suka wanke hannu.

Washegari ya bar mabuɗin ɗakin kaya a wurin mai gadin kwaleji. Bai rubuta wasiƙa ba, bai yi faɗa da kowa ba. Dakta Fadl ya ce tsufa ne. Mutanen unguwa suka ce gwiwa ce. Duk wanda ya tambaye ni sai in ce wallahi ni ma ban sani ba, har da wallahin. Bayan wata biyu muka ji wata kwaleji a tsohuwar gasarmu ta ɗauke shi. Na daina bin layin gidansa, ina zagayawa ta bayan kasuwa ko da zan makara.

Shekara biyu muka yi a Ma'adi. Hanya ta yi wa 'yan wasa nisa, masu aiki ba sa samun izini, waɗanda takardar zamansu ta ƙare ba a yi musu rajista. Ɗaliban da Dakta Fadl ke jira ba su zo ba. Rana ɗaya ya kira ni ya ce, da fuskar wanda ya gano sabon abu, ai gasarmu ta dā ta fi dacewa da tarbiyyar kwaleji. Muka koma. Wasanmu na farko kuwa a gidan su Mahir.

Sun ci mu, ba sai na faɗa ba. Aka shimfiɗa tabarma a kan simintin, aka kawo farantin, shi ne dai, har da lotsewar gefensa. Na tsaya nesa ina ɗaure igiyar takalmin da ba ta kwance ba.

"Koci Lawali," ya kira. "Yalla, zo, abinci na hucewa."

Ya matsa ya buɗe mini wuri kusa da shi. Ya ce wa sababbin 'yan wasansa, "Wannan ɗana ne, ni na gyara masa yatsu." Da zagina ya yi da na fi jin sauƙi. Na zauna, na sunkuyar da kai.

"Baba, maganar katin nan. Ban taɓa..."

"Na sani tun ranar Talata," ya ce, yana gutsura burodi. "Likitan da nake tuƙawa ya gani a wuyana, ya karanta mini. Ya ce mabruk, barka, an ba ka riƙon tawul."

Na ɗago. "Ka sani? To me ya sa ka ci gaba da ratayawa?"

"Don ka riƙa gani. Laraba na zo fili da shi, Alhamis na zo, Juma'a har sahu ɗaya muka yi sallah. Na ce yaron nan zai faɗa mini da bakinsa, in ce masa khalas, ba komai, mu tafi tare. Riƙon tawul ba abin kunya ba ne, ɗana, na yi wanda ya fi shi. Jiran ne ya gajiyar da ni."

Ya tura mini ɓangaren da cuku ya fi yawa, kamar yadda yake yi tun ina ɗalibi. Na sa hannu na ɗebo. Kowa na ci ana hira, ana tsokanar Jamal kan ƙwallon da ya ɓarar. Ni kuwa lomar tana hannuna har ta huce.