Rufin da Mailafiya Ya Danna

Mailafiya magini ne ɗan magini a Kontagora, kuma abin alfaharinsa ɗaya ne: rufinsa bai taɓa ruftawa ba. Ubansa ya koya masa gwaji tun yana shimfiɗa azara. In an gama daɓe soro, sai a hau da ƙarti goma su yi ta tsalle, domin ƙasa in ta sha ruwan damina nauyi take yi. Soron da ya ɗauki ƙarti zai ɗauki ruwa.

A 1968 aka ba shi rufin wata sabuwar firamare, da kwano. Injiniyan da aka turo duba aikin, Andarawus, ɗan Rijau ne, sa'an ɗan Mailafiya. Ya ɗaura igiya a katakon rufin, ya rataya ta bisa reshen maɗaci, ya sa mutum uku su ja. Katakon ya ɗan ɗaga daga bango.

"Baba, kwano ba soro ba ne," in ji shi. "Iska ta ƙasa take shiga ta ɗaga shi. A ɗaure katakon da waya a jikin bango."

Mailafiya ya yi dariya har da tafi. Ya hau da ƙartinsa goma, suka yi tsalle a gaban jama'a, rufi ko gezau. Daga can sama ya ce, "Abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba zai hango ba." Andarawus na komawa ofis, aka jefar da wayar da ya bari a bayan aji.

Hadarin farko ya zo ranar Lahadi, Allah ya taimaka ba yara. Rufin ya tashi ɗungurungum ya sauka a gonar wani, ko ƙusa ɗaya ba ta cire ba. Kwana uku Mailafiya bai fita ko sallar jam'i ba, don kunya.

Ranar sake aiki iyayen yara suka taru, ana cewa a kawo wani magini. Andarawus ya so ya rufa wa Mailafiya asiri. Ya miƙa masa waya, ya ɗaga murya: "Baba, nuna wa ma'aikata yadda ake ɗaurin nan."

Mailafiya ya juya wayar a hannunsa. Shekara talatin yana rufi. Ƙartinsa duk sun zuba masa ido.

"Ban iya ba," ya ce, kansa a sunkuye. "Ka koya mini."