Ragunan Binciken Yayana da Adalcin Kakata

Shekarun baya kaɗan, ina ƙaramar sakandare, yayana ya dawo daga jami'a da 'yan raguna shida a bayan a-kori-kura. Mu a ƙauyenmu na bayan Tofa, duk wanda ya sauke raguna shida a lokaci guda, to aure zai yi. Kafin la'asar maƙwabta har sun fara shigowa yi wa mahaifiyata barka. Ashe wai bincike ne.

Kiwon dabbobi yake karantawa, yana shekarar ƙarshe, kuma ba digiri sai ya kammala wannan aiki. Gonar makaranta ta cika, shi ya sa ya kwaso su gida. Ya tara mu a tsakar gida ya yi mana lacca. Ya ce akwai wasu sinadarai, irin su zink da seleniyam, da jikin dabba ke buƙata ɗan mitsitsi, yana so ya gano ko suna canza furotin, wato sinadarin gina jiki, da ke cikin tsokar rago. Uku ya ɗaura musu jar igiya, su za a riƙa barbaɗa wa wani farin gari a cikin dusa. Uku ya ɗaura musu baƙa, su kam dusa da harawa kawai. In sun yi 'yan watanni a yanka su, a kai naman ɗakin gwaji a kwatanta.

"Idan masu baƙar igiyar nan suka ɗanɗana garin, ko a bakin cokali ne, aikina ya rushe," in ji shi. Sannan ya miƙo mini gwangwanin garin da ɗan cokalin awo, kamar mai ba ni mukullin banki.

Kakata tana gefe a kan tabarma tana ɓarar gyaɗa. Maigidana take kiransa, irin wasan nan na kaka da jika.

"Maigidana, waɗannan ukun laifin me suka yi maka?"

"Ba laifi ba ne, Inna. Da su za a gwada."

"Ka ba wasu, ka hana wasu, suna tsaye suna kallo? Ka san dabba ma tana da haƙƙi? Ranar gobe ƙiyama da ƙahonsu za su nuna ka."

Aka yi dariya, shi ma ya yi. Washegari ya koma makaranta hankalinsa kwance.

Na riƙe aikin nan da gaske, wallahi. Kullum da safe in auna, in gauraya, in ajiye wa kowane ɓangare daronsa, in wuce makaranta ina jin kaina rabin likita. Sai wata rana zazzaɓi ya hana ni fita. Ina kwance na hango kakata ta taga, ta shiga turken da babban baho. Ta juye dusar masu jar igiya, ta juye ta masu baƙa, ta sa hannu ta cakuɗa kamar mai kwaɓa fura, ta raba musu daidai wa daida. Ta kawo ruwan kanwa ta bi kowa da shi.

Zazzaɓin nan ban san inda ya bi ba. Na fito ba ko takalmi.

"Inna! Me kike yi?"

"Gyara nake. Ke kuma ba ciwo kike ba?"

"Tun yaushe kike wannan gyaran?"

"Tun ranar da aka fara zaluncin."

Na ruga wajen mahaifiyata. Ta ce, "Ni da surukata? Ki rufa mini asiri." Na tare Baba yana dawowa daga gona. Ya jingine fartanya, ya dube ni ya ce, "Yanzu uwar tawa zan je in ce wa kada ta ji tausayin dabba? Ke ki je ki faɗa mata." Na ce ai na faɗa. Ya ce to shi ke nan, an faɗa.

Sai na ari wayar mahaifiyata na kira mai ragunan. A nan ne halina ya ci ni. Ni a gidanmu an san ni da ƙara wa labari gishiri. Ni ce na taɓa kiran yayan nan nawa na ce gidanmu ya ƙone ƙurmus, ya baro darasi ya taho a guje, ya tarar gefen zana ne ya babbake. To ranar da na zo da gaskiya tsirararta, dariya ya yi har da tari.

"Inna da ko tsakar gida ba ta son tsallakawa? Wannan karon ba ki kama ni ba."

"Na rantse maka, Yaya!"

"Ba ta wayar."

Na kai mata. Ya ce, "Inna, ya raguna?" Ta ce, "Lafiya lau, maigidana, har sheƙi suke." Ya ce a ba ni, ya ce, "Kin ji ko? Ki bar ni in yi karatu."

Na ce to, ni da tsohuwar nan mu zuba. Na koma tsayawa a kansu har sai sun lashe daro tas kafin in tafi. Na sha bulalar latti har malamin da ke tsaron ƙofa ya fara gaishe ni kamar 'yar uwarsa. Na riƙa tafiya da gwangwanin a jakata. Kakata ta daina shiga turke da baho, na ce alhamdu lillahi, na yi nasara.

Ina! Akwai wani rago mai yagaggen kunne, ɗan jar igiya ne. Wata safiya na gan shi da baƙa. Na murtsuke ido, na ce ko barci ne. Washegari ya koma ja. Ashe da ta idar da sallar asuba take lallaɓawa ta musanya musu igiyoyin, yau na waɗannan, gobe na waɗancan. Ni da hannuna nake auna wa kowa rabonsa.

"Ai yanzu ba na taɓa abincinku," in ji ta. "Kwana kawai na raba musu."

Na sake kira. Ya ce in na ƙara damunsa da tatsuniya yana tsakiyar jarrabawa, zai haɗa ni da Baba. Baban da ya riga ya sani!

Lokaci ya yi, ya zo da mahauci da kula cike da ƙanƙara. Aka yanka, ya yanki tsoka daga kowane rago ya ƙulle a leda ya rubuta lamba. Na ce, "Yaya, lambar nan ba ta da amfani." Ya ce in matsa in ba shi wuri. Sauran naman aka sayar da wani, aka soya wani, kakata ta fi kowa yabon daɗinsa.

Ba a jima ba ya dawo a kan babur, fuska kamar an aiko masa da mutuwa. Gwaji ya nuna naman shidan duk ɗaya ne, kuma har a jikin waɗanda aka ce ba su ci garin ba an ga alamarsa. Malaminsa ya ce ba zai karɓi aikin ba. Kun san wa ya fara nufa? Ni.

"Wasa kika mayar da rayuwata ko?"

Na kama hannun rigarsa na ja shi har gaban tabarmar kakata. Na ce, "Tambaye ta."

Ko gezau ba ta yi ba. "Ni ce. Duka na ba su. Na fitar da kai daga haƙƙi, maimakon ka gode mini ka zo kana huci?"

Wa ya isa ya ɗaga wa kaka murya? Ya zauna a kan turmi ya dafe kai. Abokan karatunsa suka tafi bautar ƙasa, shi ya koma ya sake aikin daga farko, da sababbin raguna, a gonar makaranta, nesa da tausayin gidanmu. A ƙauyenmu ya saye su, ranar da mota ta zo za a tafi da su, na kama kakata a ƙofar gida tana cusa wa direban ƙullin kanwa tana raɗa masa, "In ka ga ya ware wasu, ka taimake su." Na ƙwace.

A karo na biyu ya samu abin da zai rubuta, ya gama lafiya. Ni dai abin da na koya shi ne, kafin ka kawo bincike gida, ka fara binciken mutanen gidan. Har yau in na tuna sai raina ya ɓaci, don ni na sha bulala, ni na sha zargi, kuma babu wanda ya ce mini yi haƙuri. Da na nemi Yaya ya faɗa ko sau ɗaya ne, cewa ya yi laifina ne, wai me ya sa da zan faɗi gaskiyar na faɗe ta da muryar da nake ƙarya.