Da Ba a Buɗe Ƙofar Ganuwa Ba

Abin nan ya faru ne a kakar da ta biyo bayan rasuwar maigidana, shekarar da ruwa ya yanke hanyar Kebbe har sai an ɗauki babur a ka a ƙetare da shi, kafin wahalar sabon kuɗi. Ban yi boko ba. Jikata ke rubuta wannan, na kuma ce kada ta gyara mini baki.

A gidanmu tatsuniya daban, labari daban. Tatsuniya ka zuba ƙaryarka ka rufe, ba mai kama ka. Labarin mutanen da kuwa sai ka fara faɗin wanda ya gaya maka, kuma ba ka ƙara masa komai. Wanda na fi riƙewa daga kakata na ji shi: a zamanin yaƙe-yaƙe mahara suka koro wasu makiyaya har bakin ganuwar garinmu, can wajen Sanyinna. Dattawa suka yi ta gardama, daga bisani aka buɗe musu ƙofa, su da shanunsu. Zuriyarsu ce ke sauka gonarmu duk kaka idan sun taso daga wajen Fakku. Shanu su ci kara, su bar mana taki. Gonar jigawa ce, in ba taki ba gero.

Jikar nan tawa tana sakandare a Tambuwal. Malaminsu na tarihi ya raba su rukuni-rukuni, ya ce kowane rukuni ya samo labarin da daga bakin tsofaffi, su zauna tare su tsara yadda zama zai kasance da abin ya juya. A rukuninsu har da ɗiyar mai shanun da ke sauka wurinmu, wanda muke ce wa Baffa. Suka zo da hantsi, na ba su labarin ganuwa daga farko har ƙarshe.

Jikata ta ce, "To Kaka, da ba a buɗe ba fa?"

Na ce, "An buɗe."

"Mun sani. Da dai ba a buɗe ba."

"Ke da wa za ku koma ku rufe ta?"

Suka yi dariya. Da za su tafi na ja musu kunne su sa a kan takardar cewa daga bakina suka ji, kamar yadda aka saba. Suka sa.

Kowa a cikinsu ya rubuta nasa kashi. Wani yaro ya rubuta cewa da ba a buɗe ba, da yau ba mai kwana gadin gona. Aka karanta a aji. Lokacin kuwa ba a daɗe da shanu suka yi ɓarna a gonakin wani ƙauye kusa da mu ba, zukata a sama suke. Kafin kasuwa ta ci, magana ta zama tsohuwar gidan nan ta ce da an bar su a waje da an huta. Ai ni ce a kan takardar.

Muka gama yankan gero, shanu ba su zo ba. Sai muka hango hayaƙin rugar Baffa a ƙetaren fadama. Ɗana ya ce in bari ƙura ta lafa, kada a je a yi abin da ba a so. Na ce gonar ubansa ce, amma bakin nawa ne. Na hau babur da jikata, muka nufi rugar.

Maza suka amsa sallama a taƙaice, sanduna a kafaɗa. Uwar Baffa, wadda muka tsufa muna musayar nono da gero, ba ta shimfiɗa mini tabarma ba.

Ta ce, "Yaya, kin zo ki rufe ƙofar?"

Na ce, "Nawa labari ya ƙare inda anka buɗe. Kira mini jikarki ta karanta nata."

Yarinyar ta fito da takardarta. Ta karanta cewa da ba a buɗe ba, da mutanen gari da ruwa za su dama fura, gonaki su mutu, su riƙa bin shanu daji-daji da kwando suna roƙon kashinsu.

Wani daga cikin mazan ya tuntsire da dariya, ya haɗiye. Tsohuwar ta dube ni. "Wanga ma ke kika faɗi?"

"Kin taɓa ganina da kwando bayan saniya?"

Sai ta tura tabarma da ƙafa. Sai da muka tashi Baffa ya yi magana. Ya ce ya riga ya yi wa wani alkawarin gonarsa bana, ba zai saɓa ba, amma zai aiko da 'yan maruƙa da tsofaffin shanu. Su suka zo. Geron shekarar bai kai mu damina ba. Wata kakar garken ya dawo duka.

Na aika wa malamin cewa a ja layi inda maganata ta tsaya, abin da ke ƙasa na yara ne. Ya aiko da gaisuwa, ya ce haka za a riƙa yi.

Uwar Baffa ta rasu bara. Malamin an mai da shi wani gari. Baffa na nan, ido ya fara yi masa nauyi, da ɗiyarsa, da mai rubutun nan, sai ni.