Rairayin Akoli

Duk sanda na bi ta filin wasan yara na Arlit, na ga lilon ƙarfe da iyaye zaune a inuwa, sai Akoli ya faɗo mini a rai. Allah ya jiƙansa. A iya sanina shi ya fara yin irin wannan a wajenmu, tun Arlit ba ta da ko bukka ɗaya, tun mulki na hannun Annasara.

A lokacin muna zaune a Cirozerin. Maigidana Almustafa, Allah ya haskaka kabarinsa, yana tuƙa motar Annasaran da ke yawon binciken duwatsu. Akoli maƙwabcinmu ne, mai garka. Gajere ne, baƙi, ba ya da yawan magana, Hausarsa ma ta Abzinawa ce, ya ce wa mace "kai" ko a jikinsa. Yana da rijiya ɗaya da takarkari ɗaya mai jan guga, yana noma alkama da albasa da tumatur.

Garin a bakin kori yake, wato hanyar ruwan da ke gangarowa daga duwatsun Abzin. Kusan duk shekara a bushe yake, shimfiɗe da rairayi mai laushi kamar garin alkama, kuma nan yaranmu suke yini. To amma da damina kori ba ya sallama. Sai a yi ruwa can kan duwatsu, mu nan rana na dukanmu, kafin ka ce me ya cika baki da baki. Haka ya tafi da Illi, ɗan farin Akoli, yana da shekara shida. Sai bayan kwana biyu aka same shi a gindin wata goriba.

Tun daga nan, da an ga hadari, Akoli ya bar aikinsa ya sauka kori da sanda yana korar yara. Ya kore su nan, su ɓulla can. Mu ma iyaye mun yi faɗa, mun yi duka, a banza. Damina biyu yana wannan wahala.

Wata safiya ina tsinkar tumatur a garkarsa, yana ban ruwa. Ya toshe wannan fangali da laka, ya buɗe wancan, ruwa ya bi salin alin. Sai ya tsaya da fartanya a hannu, ya daɗe yana kallo.

"Uwar Attaher," ya ce mini, "kai ka taɓa ganin an kori ruwa da sanda?"

Na ce ban taɓa ba.

Ya ce, "Hanya ake buɗe masa."

Da aka cire albasa, sai ya ƙi sake shuka fangalan da ke kan tudu, ƙarƙashin wani ƙaton gawo, inda ruwan kori bai taɓa kaiwa ba. Matarsa Dassin ta yi ta mita, don wurin ya fi ko'ina albarka, daga nan suke samun na shayi da sukari. Ya tufka igiyar kaba mai kauri, ya ɗaura lilo biyu a reshen gawon. Maigidana ya kawo masa tsofaffin ƙafafun mota uku da Annasara suka yar, da wata ganga da ta huje.

Yara suka zo, har da faɗa kan layin lilo. Kwana uku, suka koma korinsu.

Akoli yana da taubashi, Mano, mai jakai, bakinsa ba ya shiru. Ya zo ya zauna a kan lilon da babu kowa, yana kaɗa ƙafa.

"Bawana, ashe ni ka ɗaura wa? Allah ya yi maka albarka. Saura ka zo ka tura ni."

"Sauka, kar ka karya mini reshe da ƙaton cikinka."

"Albasa dai ba ta gudu ta bar mai ita," in ji Mano.

Washegari Akoli ya je bakin kori ba sanda, ya zauna kawai. Kwana huɗu yana zuwa yana kallon yara, yadda yake tsugunawa ya kalli shuka in ta ƙi. Sai ya gane ba filin ne ya dame su ba, rairayin ne. Tona shi suke yi har su kai ga mai danshi, su gina 'yan rijiyoyi da garake da raƙuma. A gindin gawo kuwa ƙasa ce mai tauri, ga tsakuwa, ga ƙaya.

Sai ya fara jidar rairayi. Kullum in ya gama ban ruwa, ya ɗora wa takarkarinsa mangala, ya sauka kori ya cika, ya hauro tudu ya juye. Cikin zafin bazara fa, har tafin ƙafarsa ya tsage. Gari ya ɗauka da dariya. Mano ya bi shi yana shela:

"Jama'a, ku zo ku ga wanda ya ga rairayi ya yi wa Abzin kaɗan! Bawana, in ka gama, ka kai gishiri Bilma."

Har wani Annasara ya tsayar da mota ya ɗebi rairayin a tafin hannu yana juyawa, a zatonsa wani abu mai daraja Akoli ya gano. Da maigidana ya yi masa bayani, ya girgiza kai ya wuce.

Fiye da wata guda yana yi, sai da rairayi ya kai gwiwa a gindin gawon. Sannan ya ja wata 'yar hanyar ruwa daga rijiya zuwa can. Guga goma na farko kowace safiya na yara ne, kafin shuka ta sha. Dassin ta ce, "Yanzu har ruwan ma?" Amma ni na gan ta da idona tana tsince ƙaya a wurin da tsintsiya.

Ai kuwa suka dawo. Ga danshi ba sai an yi tono ba, ga inuwa, ga lilo, ga ganga ana shiga ana mirginawa. Ɗana Attaher ko tuwo sai na bi shi da shi can. Mu mata ma muka koma kai tabarmi da saƙar kabarmu wurin, ido na kan yara, hannu na kan aiki.

Ranar da abin ya faru Talata ce, bayan la'asar, tsakiyar damina. Samanmu tas, sai can gabas kan duwatsu ya yi baƙi. Ina gida ina daka, na ji wani ruri kamar motoci da yawa sun taho tare. Na yar da taɓarya. Kowace uwa ta fito a guje, wata ba ko ɗankwali. Kori ya zo ja wur, yana ɗauke da itatuwa da gawar akuya, ya shafe daidai inda yara suka saba zama.

Muka nufi gawo. Ga su nan sun yi cirko-cirko, hannuwa duk laka, suna kallon ruwa. Kowace ta cafke nata. Akoli yana tsaye yana bin kawunansu da yatsa, bakinsa na motsi.

Sai Mano ya iso, rawaninsa a warware. "Lalla! Ina Lalla?" 'Yarsa ke nan, mai shekara huɗu. Ba ta cikinsu. Ya juya zai faɗa kori, maza biyu suka riƙe shi.

Akoli ya taka a hankali zuwa gangar nan, ya durƙusa, ya leƙa. Ya zura hannu ya jawo ta. Barcinta take yi, da raƙumin laka a ƙirji, har ya ɓata mata riga.

Guɗa ta tashi, Dassin ce ta fara. Wasu na kuka, wasu na kabbara. Akoli ya miƙa wa Mano 'yarsa, ya koma gefe ya fuskanci alƙibla, ya daɗe goshinsa a kan rairayin. Ba mu rasa ko ɗa ɗaya ba, ba a wannan shekara ba, ba a waɗanda suka biyo ba, har muka taso daga garin.

Bayan kwana biyu da kori ya janye, muka ga jakan Mano biyar sun hauro tudu, kowanne da mangala cike. Mano ya juye a gindin gawo, bai dubi kowa ba.

Akoli ya ɗebi rairayin ya murza. "Wannan da tsakuwa. Ko rairayi ba ka iya zaɓa ba?"

"To ubangidana," in ji Mano, "nuna mini inda ake ɗiba."

Suka sauka tare, jakai na biye da su.